Ranin da Gangar Munkaila Ta Yi Shiru

Duk wanda ya taɓa kallon kokowa a Kore Mairuwa ya san Munkaila makaɗi, gajeren nan mai muryar da ta fi shi girma. Tun yana saurayi yake wannan sana'a, kuma in ya ɗora hannu kan ganga, ko tsoho sai ya ji kamar ya faɗa fili.

To, gwanintar ce ta jawo masa. Ado, ɗan ƙanwarsa, yana ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, a Dogon Dutsi, ga shi ɗan kokowa na gaske. Bara ya faɗi jarrabawar bak, ta kammala lise. Uban Ado kuwa ya rantse in ya sake faɗuwa, karatu ya ƙare, sai cirani.

Mushen lissafi, wato malamin su Ado, ya tako har gida ya ce, "Malam Munkaila, yaron nan yana da kai. Amma duk garin da ka je kiɗa, washegari kujerarsa wayam."

Munkaila ya yi dabara, ya tafi kiɗa garin Dumega a ɓoye. Ina! Yana cikin zuba kirari sai ga Ado ya diro daga bayan babur ɗin kabu-kabu, har ya tuɓe riga.

"Kawu, wallahi da na ji labari jikina ya ƙi zama."

Ran nan Munkaila ya cusa gangar a buhu, rani guda bai taɓa ta ba. Masu shirya wasa suka yi ta sintiri, abokai suka ce tsufa ne, wasu suka ce asiri aka yi masa. Abin ya ci masa rai ƙwarai, ko tuwo yake ci yatsunsa na kaɗa gwiwa. Ado kuwa kiɗan kowa bai tayar masa da tsumi sai na kawunsa, dole ya zauna ga karatu.

Ranar faɗin sakamako Munkaila ya raɓe jikin katangar lise. Ana kiran sunaye, mata na guɗa. Can sai ya ji na Ado.

Munkaila ya zauna daɓas a ƙasa. Ado ya zo a guje ya durƙusa gabansa.

"Kawu, ka ji?"

"Na ji," in ji shi da ƙyar, yana share ido da hannun riga. "Alhamdulillahi. Kama ni in tashi mu je uwarka ta ji, tun jiya ko ruwa ta kasa sha."