Layar da ke ƙarƙashin sirdi

Jama'a, yau na fita duba babur, na komo da labarin mutuwa.

Malamin gona na En'e, nan Wurno, yak kira ni in duba mai tsohon babur da dillali yak kawo daga Goronyo. Na danna sirdi, sifirin bai taso ba. Ƙafar gaba kuma ta karkace.

Nic ce, "Wanga babur ya sha faɗuwa. Ina mai shi?"

Dillali yac ce, "Baƙo ne daga ƙasar Faransa, can wajen Maraɗi. Ya faɗa rami kusa da Giyawa, bai tashi ba. Ba a san danginai ba, sai anka sai da babur anka yi mai sutura."

Na ɗaga sirdi in duba sifirin, sai ga laya ɗaure, jar fata da baƙin zare. Ɗinkin babanmu ne. Shi yab ba yayana Umaru ita ran da zai tafi Maraɗi neman aiki.

Malam yac ce, "Mi yaf faru? In saya?"

Nik kwance layar, nis sa ta aljihu.

Tun da Umaru ya aiko cewa yana tafe bisa babur, kullum Inna na aje mai fura. Layar na aljihuna. Har yanzu ban shiga gida ba.