Telan da Ya Gyara wa Nas Awo

A asibitin awon ciki har yau ana tuna ranar da wani tela ya zaro tef ɗinsa bayan nas ta gama auna cikin matarsa, ya ce, "Malama, kin cinye mana rabin inci."

Ga shi can a benci, siriri, furfura ta fara leƙowa, yana yi wa matar fifita da katinta. Daga kallon da yake wa cikin nan, ka san an daɗe ana jira.

Wata mai ciki ta tsokane shi: "Maigida, yau ma duba aikin nas aka zo?"

Ya murmusa. "Baiwar Allah, shekara tara ina ɗinka wa jariran mutane riguna. Wannan nawa ne. Ko rabin inci ba zan yafe ba."