Layin da Ya Kauce wa Teburin Gwaggo Yayyafi

A danginmu ba mai kiran ƙanwar babanmu da sunanta na yanka. Gwaggo Yayyafi ake ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta. Shekara ashirin da uku tana da tebur a bakin babban titin tsakiyar gari, jikin bangon wani kantin magani, tana sayar da gishiri da sukari da ganyen shayi da ashana. Ita ke riga kowa fitowa. Kafin ta ɗora ko ƙwayar ashana a teburin, sai ta share gabansa da kewayensa, ta ɗauko tsohuwar butarta ta yayyafa ruwa har daɓen simintin ya jiƙe. Cewa take wanda zai sayi abin sawa a baki bai kamata ya tsaya a kan datti ba.

Leda kuwa ta yi sallama da ita shekara huɗu ke nan, tun ranar da aka yanka akuyarta da ta rame ta ƙi cin komai, mahauci ya zaro dunƙulen baƙar leda daga tumbinta. Daga nan ta koma naɗe kaya a takardun tsofaffin littattafanmu na makaranta. Mutum ya sayi sukari, ya tafi gida da lissafin aji uku.

Ana nan sai hukumar gari ta fito da doka biyu a mako guda. Ta farko ta hana leda. Ta biyu ta ce za a ja layi rawaya a gefen titi, daga layin zuwa kwalta yankin tsaro ne, ba tebur, ba baro, ba zama, don masu tafiya a ƙafa da motar kashe gobara su samu hanya.

Ranar da aka ja layin, Gwaggo ta yi shararta da yayyafinta, ta tafi ɗauko buhun gishiri. Ko da ta dawo, ta tarar da maƙwabtanta sun yi cirko-cirko suna kallon ƙasa. Layin ya miƙe sambal kusa da bango, ya jefa tebur goma sha bakwai cikin yankin da aka hana. Amma da ya iso wurinta sai ya yi ciki, ya zagaye teburinta, ya bar shi a wajen yankin, sannan ya koma hanyarsa.

Mai Agogo, wanda ya shekara goma sha tara yana gyaran agogo a gefenta, ya cire madubin idonsa ya dube ta.

"Yaya, ashe kina da mutane a sama, kika bar mu muna ta addu'a?"

"Wane irin mutane, Malam? Yanzu na dawo kamar yadda ka gan ni."

Hajiya Mai Leda, wadda dokar farko ta riga ta kashe wa kasuwa, ta tafa hannu. "Doka biyu, duk sun tsallake mutum ɗaya! Ruwa dai ba ya tsami banza. Shekara huɗu tana naɗin takarda, mu muna mata dariya. Ashe ita ke mana."

Kafin la'asar magana ta yi ƙafa. Wai Gwaggo ce ta kai sunayen masu tebur. Wai akuyar ma ƙarya ce. Duk wannan bai ci mata rai ba kamar abu ɗaya: Mai Agogo ya saba turo mata akwatinsa idan zai tafi salla, ran nan sai ya rufe shi, ya saƙale a hammata ya tafi da shi.

Ita ma ba ta yarda da layin ba. Wa ya taɓa ba ta abu a banza? Ko tarko ne, a bar ta ita kaɗai, sannan a zo a kwashe kayanta? Ko mai kantin magani ne yake son ya raba kan masu tebur? Ta fara kallon kowa a kaikaice. Wanda ya gaishe ta ta ce me yake nufi, wanda ya wuce bai gaishe ta ba ta ce ga shi nan.

Kwana uku tana cigiyar mai fentin da ya ja layin, har ta same shi a wani titi, durƙushe da gwangwaninsa.

"Kai ɗan nan, wa ya aike ka ka zagaye teburina?"

Ya ɗago ya gane wurin da take nufi, ya yi dariya. "Inna, ba wanda ya aike ni. Wurin a jiƙe yake sharkaf. Fenti ba ya kama jiƙaƙƙen siminti, ni kuma sauri nake, sai na bi ta inda ya bushe."

Gwaggo ta riƙe baki. Butarta ce ashe.

"Gobe akwai taro kan dokokin nan, ka zo ka faɗa a gaban kowa."

"Inna, ki rufa mana asiri. Ni faɗa kawai zan sha. Ke kuwa, in ciyaman na hukuma ya ji, sa ni zai yi in miƙe layin, teburinki ya tashi. Allah ne ya ba ki, ki yi shiru."

Ta san gaskiya ya faɗa. A wannan teburin ta yi wa 'ya'yanta huɗu makaranta bayan rasuwar mijinta. Amma ta tuna akwatin nan a hammata.

"Ƙarfe goma," ta ce. "In ba ka zo ba, ni zan zo da butata in jiƙa maka titin nan kaf."

An yi taron a wani aji na makarantar firamare, manya sun matse a bencin yara. Mai kantin magani ya ce bara babur ya buge wata mai ciki saboda tebura sun tura mutane kan kwalta. Wani mai kayan gwari ya ce to a kama baburan mana, tumatirinsa bai taɓa buge kowa ba. Aka ce leda ce ke toshe magudana, ruwa ya shiga shaguna. Hajiya Mai Leda ta ce ledar ba da ƙafarta take zuwa kwata ba. Ciyaman yana ta buga tebur da makullin motarsa.

Sai Gwaggo ta miƙe, ta jawo mai fenti gaba. Ya faɗi abin da ya faɗa mata, yana sosa ƙeya.

"Nawa ta ba ka?" in ji Hajiya Mai Leda.

"Hajiya, gobe ki fito da wuri," Gwaggo ta ce, "ki ga abin da na saya."

Washegari, karon farko cikin shekara ashirin da uku, Gwaggo ta yi shara ba ta yayyafa ruwa ba. Ta tsaya riƙe da butar a cike, mai fenti ya goge cikin nan da layin ya yi, ya miƙe shi ta ƙarƙashin teburinta. Tebur ya zama goma sha takwas.

Yanzu tana lungun bayan kantin magani tare da sauran, inda masu saye ba su kai rabin na da ba. Hajiya Mai Leda har yau cewa take duk shiri ne, za a gani. Gwaggo ma ba ta daina zargin mai kantin magani ba, ko da yake ba ta da hujja.

Rana ta biyu a lungun, da aka kira azahar, Mai Agogo ya rufe akwatinsa, ya tsaya yana jujjuya shi. Sannan ya turo shi ƙarƙashin teburinta da ƙafa.

"Yaya, riƙe min. Amma don Allah kar ki yayyafa masa ruwa."