Karen da ba ya jin Larabci

A shekarun da na yi ina aikin likitan dabbobi a Madina, tumaki da raƙuma ne abokan hulɗata, sai awaki jefi-jefi. Wajen ƙarshen shekarun casa'in, muna zaune a unguwar Sih ni da iyalina, wani Balarabe mai gonar dabino can gaba da Bi'ir Ali ya bugo mini waya. Na saba duba masa tumaki. Ya ce, "Ya daktur, ka zo yau ɗin nan. Ina da baƙo, kwana huɗu bai ci komai ba."

Na isa bayan la'asar, ya ja ni bayan garken tumaki. A inuwar wani dabino na ga baƙon a kwance. Kare ne fari fat mai ɗigo-ɗigon ruwan goro, gashinsa na sheƙi, kunnuwansa dogaye har suna share ƙasa. Ya ɗago ido ya dube ni, ya mayar da haɓarsa kan ƙafafunsa.

Maigonar ya ba ni labari. Wani injiniya Bafaranshe ne abokinsa a Yanbu, aka mayar da aikinsa can tsakiyar teku, inda ba a zuwa da kare. Da yake ba Musulmi ba ne, ba ya shiga gari, sai suka haɗu a bakin hanya ya miƙa masa igiyar karen da wata takarda, ya juya yana share ido.

Na duba shi sarai. Ba zazzaɓi, haƙora lafiya, ciki lafiya. Maigonar ya ce masa da Larabci, "Ta'al!", wato zo. Ko motsi. Na gwada da Hausa, na gwada da Turanci, duk ɗaya. Takardar kuwa da Faransanci aka rubuta ta, muka yi ta juya ta ni da shi.

Akwai wani dattijo mutumin Maraɗi da ke ba dabinon ruwa. Ya ajiye shebur ya matso ya ce, "Likita, in ga takardag ga? Na yi lakkwal, bokon Faransa, hal aji shida."

Na ce, "Bismilla, Baba."

Ya goge hannu a riga, ya bi layukan da yatsa yana fassara mana. Sunan irin karen Porcelaine, wato tangaran, saboda sheƙin jikinsa, kuma ko a ƙasarsu ba su da yawa. Karen farautar zomo ne, da hanci yake aiki. A goge masa kunne duk mako, a bar shi ya yi gudu kullum. Kada a sake shi a fili sai ya saba da mutum, don idan hancinsa ya kama wari ba ya waiwaye. Sai layin ƙarshe: a cikin garken karnuka aka haife shi, ko a Yanbu tare da wani karen yake kwana, kada a bar shi shi kaɗai.

Dattijon ya tsuguna ya kira shi da Faransanci, "Viens ici, mon grand." Karen ya zabura, wutsiya na kaɗawa, ya zo ya tura kansa a hammatarsa. Maigonar ya yi ta dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, "Shekara tara kana gonata, ban san kana jin yaren nan ba!"

Dattijon ya ce, "Ba ka taɓa tambaya ba, ya shaikh."

Maganin da na rubuta ranar nan shi ne a kai shi wurin salugi uku na maigonar, karnukan farautar Larabawa masu siraran ƙafafu. Da farko sun yi masa girman kai, ko kallonsa ba sa yi. Shi kuwa bai damu ba, ya raɓa jikin babbar macen ya kwanta. Washegari ya cinye shinkafa da naman da aka zuba masa, ya leƙa kwanon maƙwabta.

Zafin Madina ne ya fi ba mu aiki. Gudu sai bayan asuba, kafin ƙasa ta gasu. Da rana dattijon yakan jiƙa buhu ya shimfiɗa masa. Na koya wa dattijon goge kunnen da auduga, don dogon kunne yana tara gumi, muna kuma shafa masa kitse a tafin ƙafa saboda kaifin baƙaƙen duwatsun wurin. Duk ranar da na je, matata takan tare ni a ƙofa da bokiti. "Baban yara, tuɓe rigar nan tukuna. Tumaki na haƙura, amma ban da kare."

Da sanyi ya shigo, maigonar ya gayyace ni farauta. A cikin haramin Madina ba a farauta, don haka muka yi tafiya mai nisa a akori-kura, mu uku har da dattijon a gaba, karnuka a baya. Aka sake su da hantsi. Salugi da ido suke aiki, suka tsaya suna hange, ba su ga komai ba. Namu ya kafa hanci a ƙasa, ya yi gabas, ya dawo, ya kewaye wata ƙaya, sai ya saki wata murya mai zaƙi, doguwa, wadda ban taɓa jin irinta a bakin kare ba. Ya bi ta tsakanin duwatsu yana rera ta, mu kuma muna binsa da haki. Can zomo ya yi tsalle daga ƙarƙashin wani dutse, salugi suka ɗauka a guje, kafin mu ƙarasa sun riƙe shi. Maigonar ya yanka, muka gasa a wurin, kowa ya sami abin taɓa baki, karnukan suka sami ƙashi.

Bayan kamar shekara guda aka sake kirana gonar. Babbar salugin ta haifi 'ya'ya biyar, dukkansu da dogon kunne da siraran ƙafafu. Da suka tasa, na zo yi musu allurar rigakafi, na zauna cike katinsu. Na zo layin da ake rubuta iri, na tsaya da biro a hannu.

Maigonar ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Me za ka rubuta, ya daktur?"

Dattijon ya ce, "Ina ruwanka da wahala, Likita? Nan anka haihe su."

Na rubuta 'yan Madina a katin duka biyar ɗin, maigonar ya sa hannu.