Igiyar da Halilu Ya Hana

Duk ranar Alhamis, kafin shanu su cika kasuwar Shinkafi, Malam Halilu ya riga ya iso daga Badarawa, ya tsaya a turken marigayi Alhaji Idi dillali da igiya a kafaɗa. Ba ya karɓar dabba sai ya kama kunnenta ya duba. Kowane gidan makiyaya da irin tsagar da yake yi wa kunnen shanunsa, Halilu kuwa ya san su kamar 'ya'yan cikinsa. Shi ya sa ba a taɓa ɗaure san sata a wannan turke ba.

Shi ba ɗan gidan ba ne, barantaka ya yi wa Alhaji tun yana saurayi. Da Alhaji ya rasu ya bar ɗansa Zaharaddeen a makaranta, Halilu ya riƙe turken shekara goma sha ɗaya yana ciyar da gidan. A al'adarsu, wanda aka rataya wa igiyar Alhaji shi ne magajin sana'a. Zaharaddeen ya gama karatu ya dawo, Halilu ya ce ba zai ba shi ba sai ya iya karanta kunne.

Nan fa dangi suka taso masa, wai bara zai cinye gado. Abin yana ƙona mini rai har yau. Mutanen da ba su taɓa taka kashin shanu ba, ba su kuma taɓa aika wa marayun nan tiyar gero ba! Baffan Zaharaddeen, Alhaji Amadu, har gida ya sami Halilu.

"Kai wa ne cikin gidanga? Ba yaro igiyar ubanai!"

Halilu ya ce, "Alhaji, igiya tashi ta, ba ni musu. Amma ranad da yad ɗaure san sata, shi za a kamawa, sunan ubanai kuma ya mutu."

Shekara biyu yana jan Zaharaddeen ruga-ruga, daga Banga har Zurmi, dangi na ta zagin Halilun.

Gab da Babbar Sallar bana, Amadu ya jawo wani baƙo da farin bijimi mai araha, yana ta rawar jiki. Ina wurin. Halilu ya koma gefe ya harɗe hannu. Zaharaddeen ya kama kunnen ya daɗe yana shafawa.

Ya ce, "Baffa, tsagar ga sabuwa ta, bisa tsohuwa anka yi ta. Ta ƙasa ta gidan Ardo Jafaru ta, wanda anka kore ma shanu da damana. Ba ya ɗauruwa nan."

Kafin a waiga baƙo ya sulale ya bar bijimin. Halilu ya sauke igiyar nan a gaban kowa ya rataya wa Zaharaddeen.

Halilu, kai ne ka yarda a kira ka ɓarawo don kada a kira ɗan maigidanka haka. Cikin masu zaginka har yau ba wanda ya zo ya ce ka yafe, kuma ba su ji kunya ba. To mu mun gani, mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Ku masu shago da maƙera da turke, ku yi koyi da shi: ku fara ba 'ya'yanku sanin sana'a kafin ku ba su mabuɗi, ko da dangi za su daina gaishe ku.

Alhamis da ta wuce na gan ka zaune a inuwa, ka yi murabus. Sau uku hannunka yana kaiwa kafaɗa don gyara igiya, ya tarar babu komai.