Baba Ojelabi da Birkin Farko na Safiya

Wani dare a farkon damina aka ji wata ƙara a layinmu na unguwar Mokola a Ibadan, siririya mai tsawo, kamar ana goga wuƙa a bayan faranti. Ta yi shiru, ta sake tashi, ta matso kusa. Alhaja Simbiatu mai kifi ta ce tsuntsun mayu ne, ta rufe taga ta hau addu'a. Sai da aka kwana biyu ana jin abin kafin a gane motar Duro ce, mai sayar da tayil, take wannan kuka duk inda ya taka birki.

Mutum ɗaya ne bai yi mamaki ba, shi ne kuma nake wa wannan jinjina: Baba Lasisi Ojelabi, makanikin birki, wanda ya ajiye aiki a watan jiya saboda gwiwoyinsa sun ƙi durƙuso.

Tun muna da baƙin gashi yake ƙarƙashin mangwaron nan na bayan gidan mai. Yakan iso kafin masu shara su gama, ya sha koko da ƙosai a tsaye, ya shimfiɗa kwali, ya jera sifanoninsa daga ƙarami zuwa babba. Ba ya taɓa inji. In ka kawo masa mota tana tari, sai ya nuna maka wani da haɓa. Abin da ya sani shi ne fad, 'yan sassan nan da ke matse faifan taya in an taka birki. Tsofaffin da ya cire ba ya zubar da su nan take. Yakan juya su a hannu, ya shinshina, ya ce wannan direban mai fushi ne, wancan kuma matsoraci. Mutum zai iya wuni yana kallon tarinsu, kowanne da irin cinyewarsa, kamar takalma a ƙofar masallaci.

Kafin ya zaɓa wa kowace mota fad, tambaya ɗaya yake yi: "Wa ke fara taka birkin nan da safe?" Ɗan tasi ya sha ta, direban motar makaranta ya sha ta. Mai motar ɗaukar gawa ma da ya zo, Baba ya zaɓa masa mai kamawa a hankali, ya ce fasinjansa ba ya iya riƙe ƙarfe.

Duro mota ɗaya gare shi. Da safe matarsa Morenike take kai 'yarsu Tinuke makaranta da ita, ta dawo ya tafi shago. Ran Lahadi kuwa, yayin da uwa da 'ya suke coci, shi yana filin ajiye motoci na wata masana'anta da ta mutu. A can suke jera robobi masu tsini, mota ɗaya ta shiga ta zagaye su a guje ana duba agogo, ta fito wata ta shiga. Kafin ka gama ɓare lemo an gama zagayen. Babu kyautar da ake ci sai surutu, amma Duro saboda wannan safiyar yake ɗaukar tayil mako guda.

Wata rana ya zo ƙarƙashin mangwaro da kwali mai sheƙi, ya kai ƙirji ƙasa ya gai da Baba, ya tashi yana murmushi.

"Baba, ku duba. Daga waje aka aiko min. Irin na masu tseren gaske ne."

Baba ya juya fad ɗin, ya ƙwanƙwasa shi da farce. "Wa ke fara taka birkin nan da safe?"

"Iya Tinuke mana, kun sani."

"To mayar da shi kwali. Wannan sai ya yi zafi yake kamawa."

Duro ya yi dariya. "Baba, Ibadan muke fa. Me ba shi da zafi a garin nan? Maganar sanyi ai ta masu ƙanƙara ce."

"Zafin da ke sa ka gumi daban. Shi wannan so yake a gasa shi."

"Tsufa ne kawai, Baba. Kun saba da birkin motar burodi."

"Na saba. Burodin kuma yana isa."

Duro ya ɗauki kwalinsa. Shi da abokan wasansa suka ɗaura da kansu, dukansu sun yarda cewa rana irin tamu ta isa ta ɗumama komai. Daga nan kukan ya fara.

Ran da abin ya faru an yi ruwa da asuba. Morenike ta gangaro tudun Mokola, Tinuke na baya da jakarta. Ta taka birki a mahaɗa, motar ta yi kamar an yi mata magana ba ta ji ba. Ta ƙara dannawa da duk ƙarfinta. Motar ta tsaya, amma sai da ta ture teburin wata mai gasa ayaba. Ba wanda ya ji ciwo. Morenike ta ba matar haƙuri, ta kai 'yarta makaranta a ƙafa, ta dawo ta ɗaure makulli a bakin zaninta. Ta ce wa mijinta motar nan ta bar filin robobi ke nan, in ya ƙi kuma a sayar da ita.

Duro ya koma wurin Baba, wannan karon bai tashi daga gaisuwa da wuri ba.

"Tashi, akwai baƙin mai a ƙasar," in ji Baba. "Ni ban taɓa ganin wasan naku ba. Ka kai ni."

Suka tafi a acaɓa ran Lahadi. Baba ya tsaya a gefe da hularsa a karkace yana kallo. Duk motar da ta fito sai ya je ya durƙusa da ƙyar, ya kai bayan hannunsa kusa da taya.

"Wannan ne tseren?"

"Shi ne, Baba."

"Ko amala ba za a tuƙa da wannan zafin ba. Kafin birkin ya farka kun gama. Ashe ko a nan ɗin cutar kanka kake yi."

Daga filin Baba ya wuce gidan su Duro. Morenike ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo ruwa, fuska ba walwala.

"Baba, in roƙo ya turo ku, ku ce masa ya sayi keke."

"Ban zo roƙo ba, 'yata. Ki ba ni motar. In na gama, ke za ki taka, da sassafe, a gangaren nan, ina zaune a gefenki. In ba ta tsaya inda kika ce ba, ni zan kawo mai saye."

Ta kwance bakin zani, ta miƙa masa makullin.

Baba ya zaɓi na tsakiya: fad na titi mai ƙarfi, wanda ke kamawa tun yana sanyi, yake kuma jure ɗan zafi. Bai ɓoye aibinsa ba. Ya ce zai baƙanta taya da ƙura, kuma zai riga na gama-gari cinyewa. Ya kai fayafayan aka goge zanen da fad ɗin tseren ya yi musu, ya canza man birki. Sannan ya sa Duro ya tuƙa shi a wata hanya marar mutane, a yi gudu a taka, a saki kafin a tsaya, a sake, har fad da faifai suka saba da juna.

Washegari gari na wayewa Morenike ta shiga, Baba a gefe, Duro a tsaye bakin titi hannu a ka. Ta nuna wata fitilar hanya can ƙasa, ta ce a nan. Ta gangara, ta taka. Motar ta tsaya da sauran tazara. Ta koma sama ta sake, wannan karon da gudun da ya sa Baba ya kama ƙofa. Ta tsaya cak. Morenike ta leƙa ta taga.

"Baban Tinuke, ina ne ma filin nan naku?"

Ta yarda motar ta koma wasa, amma makullin bai bar bakin zaninta ba. Ita ke kai Duro filin. A Lahadin farko ta zauna tana kallo, a ta gaba ta ce a matsa mata ta gwada. Ta ture robobi da yawa, ta fito tana dariya, ta koma layi.

Baba Ojelabi, kai ne wanda ba a tunawa da shi sai ƙafa ta nutse a birki. Kai ne ka ƙi ɗaura abin da aka kawo maka da murna, ka yarda a kira ka tsohon yayi. Kai ne kuma da ba ka san abu ba, ka hau acaɓa da waɗannan gwiwoyin ka je ka gani. Akwai yara da yawa a garin nan da suka isa makaranta ba su san sunanka ba. Mun gode, Allah ya ba gwiwoyin sauƙi. Masu riƙe da sifana a bayanka, ku tambayi wanda ke taka birki da safe kafin ku buɗe kwali.

Ran da aka yi wa Baba walimar sallama a ƙarƙashin mangwaro, an ci amala da gbegiri, miyar waken nan ta Yarbawa, Duro da matarsa suna gardamar wanda ya fi sauri a makon jiya. Alhaja Simbiatu ta gama suɗe hannu, ta dube su, ta dubi Baba.

"To yanzu da ku biyun kuke gudu ran Lahadi, wa ke kai yarinyar coci?"

Duro ya dubi Morenike. Morenike ta dubi kwanonta. Baba ya miƙa hannu ya ƙara miya.