Kawu Jirgi da Gam Mai Haƙuri

Har yau in aka ambaci Kawu Jirgi a layinsu, cokali ake fara tunawa. Wata safiya ya ɗauki kofin roba da cokalin shayin matarsa, Inna, ya shiga gareji zai dama gam ɗin ifoksi, irin mai kwalba biyu wanda sai an haɗa su yake kamawa. Da yake mutum ne mai son gama aiki a zama ɗaya, sai ya cika kofin fal. Ya juya neman katako, ko da ya waiwayo kofin ya ɗau zafi yana hayaƙi, bakinsa ya lanƙwashe. Gam ya daskare kamar dutse, cokali a tsakiya tsaye ƙyam. Inna ta leƙo neman cokalinta, ta dube shi, ta dubi mijinta.

"Malam," in ji ta, "wannan kuma wane ɓangaren jirgin ne?"

Kawu kafinta ne. Ƙofofi da gadaje ya ƙera har gemunsa ya yi fari, amma tun yana saurayi, in jirgi ya gifta, sai ya ajiye zarto ya bi shi da ido har wuyansa ya ƙage. Da ya bar shago ya sayi zanen wani ƙaramin jirgin katako mai kujera biyu, ya kori mota daga gareji ta koma kwana a waje. Haƙarƙarin fiffike ya jeru a bango, sirara kamar ƙayar kifi, garin katako kuma ya shiga ko'ina, har aljihun rigarsa ta fita unguwa.

Wani da ya yi asarar kofi sai ya yi tsaki ya wuce. Kawu kuwa zama ya yi yana tambayar kansa, ina abu mai sanyi ya samo wuta? Ya bincika har ya gano cewa gam ɗin da kansa yake haifar da zafi yayin da yake kamawa. In an tara shi a kofi mai zurfi, zafin ba ya samun hanyar fita, in kuwa an baza shi a faranti sai ya yi lumus. Daga ranar gam ya shiga ransa.

Ya tara iri-iri. Sai ya manna guntayen katako biyu, ya bar su su bushe sarai, ya ɗaure a matsi, ya kai musu guduma. Daga nan ya sa tabarau ya duba inda suka rabu. In jikin katakon ne ya yage, gam ya ci jarrabawa. In kuwa sun rabu sumul, gam na sheƙi a fuskarsu, sai kwandon shara. Wasu guntayen ya ɗora a ƙarƙashin kwanon rufi su sha zafin rana, wasu ya jiƙa a bokiti, wasu ya tura firjin Inna, har baƙo ya je neman ruwan sanyi ya dawo da katako. Gam mai kamawa nan take, wanda masu shago suka fi yabo, shi ya fara faɗuwa. Rana ta dake shi ya yi laushi kamar cingam.

Ƙanin Inna, mai walda ne, kuma abokin wasan Kawu, kullum yana tafe da shawara ɗaya.

"Yaya, ka kawo shi in ɗiga maka walda mu huta."

"Katako ne, kai."

"Ai kuskuren ke nan tun farko."

Kawu yakan yi dariya, amma akwai abin da ba ya dariya a kansa. Autarsa matuƙiyar jirgin feshin gona ce, kuma ita za ta fara tashi da wannan jirgi. Babban gungumen da zai riƙe fukafukan biyu falle-falle ne na katako da za a manne su zama abu ɗaya, katakon kuwa da ƙyar ya samu mai miƙaƙƙen jiki, ba shi da na canji. In gam ya saki a sama, 'yarsa ce a ciki. Shi ya sa ya yi ta gwaji, gungumen na kwance ba a manna ba. Ana haka hannuwansa suka fara rawa, kaɗan-kaɗan, ya riƙa ɓoye su a aljihu.

Auta ta zo hutu, ta ga yadda shayi ke kaɗawa a hannunsa. Sai ta tambaye shi:

"Baba, gam nawa suka rage?"

"Biyu."

"To ka zaɓa mana, kafin in yi ritaya."

Ɗaya ya fi ƙarfi, ko guduma sai ta yi da gaske, amma bai da jira. Ɗayan kauri gare shi kamar zuma, ana haɗa shi daidai wa daida, yana jan lokaci kafin ya kama, shi ma bai taɓa saki kafin katako ya yage ba. Zuciyar Kawu tana wajen mai ƙarfin. Uba ne, mafi ƙarfi yake so.

Sai wani tunani ya faɗo masa: ya gwada gam da rana, ya gwada shi da ruwa, amma bai taɓa gwada shi da kansa ba. Ya dama mai ƙarfin kaɗan a faranti ya ajiye gefe, ya ɗauki busasshen burushi ya fara bin gungumen yana shafa iska, kamar ranar aikin ce ta zo. Auta ta jingina da ƙofa tana kallo. Bai kai tsakiya ba ya taɓa farantin, ya ji gam ya fara danƙo. Ya daɗe yana duban yatsunsa.

"Wannan na mai sauran sauri ne," ya ce, ya mayar da kwalaben kan kanta.

Ranar mannawa aka dama mai kaurin zuman, kowa ya samu aiki. Auta na shafa gefe ɗaya, Kawu ɗaya, Inna na miƙo matsi, mai walda na ɗaurewa da ƙarfinsa na ƙarfe.

"Sassauta!" Kawu ya daka masa tsawa. "In ka matse shi duka ya fito, me zai riƙe katakon, addu'arka?"

Da ragowar gam ɗin Kawu ya manna guntu biyu. Bayan sun bushe ya miƙa wa Auta guduma. Ta buga, katako ya yage kaca-kaca, layin gam ko gezau. Ta juya guntun a hannunta, ta jefa shi a jakarta, ta ce ya fara shirin kujerar baya, don ba ita kaɗai za ta hau ba.

Jirgin bai tashi ba tukuna, saura inji da yadin rufi. Mai walda kuma bai daina ba. Ko a makon jiya, a gaban baƙi, ya ce, "Ku tambaye shi wanda ya cinye wa yayata cokali. Yaya, gam ɗin nan fa ya riƙe da kyau, me ya sa ba ka sa shi a jirgin ba?"

Kawu bai ko ɗago daga gugar katakonsa ba.

"Wancan halinka gare shi, zafin kai da gaggawa," in ji shi. "Cokali ya nema na ba shi. 'Yata kuwa sai mai haƙuri."